Amsoshin Tambayoyinku: Kantar Kayan Sauti a Gida

Wani mai sauraro daga Zariya ya tambaya: yaya mutum zai haɗa wa kayan sautinsa kanta da kansa?

Awo ne farko. Faɗin yawancin amfilifaya santimita 43 ne, don haka faɗin kowane hawa ya kai 50. Katakon kuma ya yi kaurin milimita 18, kada nauyi ya lanƙwasa shi.

Amfilifaya ta fi nauyi, ƙasa za ta zauna. Tana fitar da zafi ta ramukan samanta, sai a bar mata sararin santimita 10, bayan kantar kuma a buɗe domin iska da wayoyi.

Lasifika dai a ajiye su gefe, saboda jijjigarsu tana sa faifan CD tsallake waƙa.