Yadda Aka Fasa Kwalbati Aka Mai da Shi Kogi a Singafo

Kwalbatin kankare aikinsa ɗaya ne, ya kwashi ruwan sama a guje ya kai wa na gangare. Na tudu ya huta, na kwari ya sha ambaliya, shara da dagwalo kuma su tare masa a ƙofar gida. Kogin Kallang na Singafo ya yi shekaru a cikin irin wannan kwalbati, miƙe sak, tsawon kilomita 2.7, a gefen filin shaƙatawa na Bishan. Daga 2009 zuwa 2012 hukumar ruwa ta ƙasar, PUB, da hukumar kula da lambuna suka fasa shi, suka sakar wa ruwan mara.

Matakin farko ya riga aikin da shekaru, kuma shi ne masu kwaikwayo suka fi tsallakewa. Daga 1977 zuwa 1987 gwamnati ta tsabtace kogunan birnin: ta tashi gonakin aladu da na agwagi, ta mai da masu sayar da abinci a bakin titi cikin kasuwanni, ta raba bututun bahaya da magudanar ruwan sama. Ciyayi na tace datti, amma ba za su iya da masai na unguwa guda ba. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Jakara a Kano ya san irin ruwan da nake nufi.

Daga nan sai gwaji. Gaɓar da aka cire wa siminti za ta zaizaye in ba a ba ta abin riƙo ba, kuma dabarun da aka zo da su na ƙasashen sanyi ne, ba a san yadda za su yi da mamakon Singafo ba. Don haka aka ware wata 'yar magudana mai tsawon mita 60, aka jera dabaru iri-iri, aka zuba ido a ga wadda za ta jure.

A nan ne gwanintar take. Ana yanko ɗanyun rassan itacen da ke kamawa in an dasa, a ɗaure su dami-dami, a kwantar a gindin gaɓa, a kafe da turaku. A inda ruwa ya fi duka, wato bayan kwana, sai a jera manyan duwatsu, a cusa rassa a tsakaninsu. A inda gaɓa ta yi tsayi, a naɗe ƙasa cikin ƙyalle mai huda, a ɗora hawa-hawa kamar jeren buhunan hatsi, kowane hawa da nasa shuke-shuken. A watannin farko dutse da turke ne ke riƙe da ƙasar. Kafin turke ya ruɓe saiwa ta ratsa ko'ina ta karɓi aikin, kuma ita kullum ƙara ƙarfi take, alhali kankare tsagewa yake yi da tsufa.

Da aka gamsu, sai aka shiga haƙa. Aka yi wa kogin kwana-kwana har tsawonsa ya haura kilomita 3, aka kwantar da gaɓoɓinsa suka zama fadama mai faɗin da ya kai mita 100 a wasu wurare. Ran da babu ruwan sama, 'yar ƙorama ce da yara ke tsallakewa a kan duwatsu. In hadari ya sauko, filin ciyawar duka ya zama hanyar ruwa, ya ɗauki fiye da abin da kwalbatin yake ɗauka a da, gudun ya ragu, laka ta kwanta. Ɓaraguzan kankaren ma ba a zubar ba, da su aka tayar da wani tsauni a cikin filin.

Tace ruwan kuwa da injin jawo ruwa ake farawa. Ana jawo shi zuwa wasu fangali da aka yi hawa-hawa, cike da yashi da ciyayin fadama. Yana tsiyaya a hankali, yashi na kama gurɓata, ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwa na cinye ruɓaɓɓen abu, ciyayin na shanye sinadaran taki da ke sa ruwa ya yi gansakuka. Abin na da muhimmanci domin Kallang a madatsar Marina yake ƙarewa, inda birnin ke tara ruwan sha.

Tunda mutane na sauka har bakin ruwa, an kafa na'urorin auna tashinsa, da fitilu da jiniya. Da zarar ta kaɗa, kowa ya hau sama da jan alamar da aka kafa.

Tsadar wannan hanya fili ne, kuma ba kowane birni ke da shi a bakin magudana ba. Sannan aikin ba ya ƙarewa ranar buɗewa: sai an riƙa sassabe, ana tsince leda bayan kowane ruwa, ana cire ciyawar da ke neman mamaye sauran, kamar yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru. A Bishan dai tsuntsayen ruwa sun dawo ba da gayyata ba, bayan 'yan shekaru kuma karnukan ruwa suka tare a kogin suna kamun kifi.