Amsar Tambaya: Kullum ni ne na ƙarshe a gasar Fantasy

TAMBAYA: Malam, mu matasan gidan kallon ƙwallo a Gwaram muna gasar Fantasy Premier League da abokanmu na Birnin Kudu. Na cika tawagata da manyan 'yan wasa, amma kullum ni ne na ƙarshe. Ina mafita?
Ɗalibi, daga Gwaram

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka, matsalar tana da gyara. Ina jin son kulob ne yake yi maka zaɓe. Fam miliyan 100 aka ba ka na 'yan wasa 15, kuma ba a ɗaukar fiye da uku daga kulob ɗaya. In manya uku suka cinye kuɗin, sauran gurabe sai 'yan benci.

Fara tambayar kanka: wannan yaron zai buga kuwa? Mai tsaron baya ba ya samun maki 4 na hana zura ƙwallo sai ya yi minti 60 a fili. Ɗan ƙaramin kulob mai bugawa kowane mako ya fi tauraron da ke jinya. Sannan ka duba wasanni huɗu ko biyar masu zuwa, musamman wajen naɗa kyaftin, domin makinsa ninki biyu ne.

Kada ka yi canji cikin fushi daren Asabar. Duk canjin da ya wuce na kyauta maki 4 yake ci. Jira jawabin masu horarwa na Alhamis ko Juma'a. Ana rufe zaɓe minti 90 kafin wasan farko, saboda haka ka gama tun kana da caji da intanet.

Roƙona ɗaya: kada ku sa kuɗi. A Amurka, DraftKings da FanDuel suna irin wannan wasa a kan kuɗi kullum; wannan caca ce. Taku kyauta ce, ku bar ta haka.