Darasi na Tara: Ina Datar Ta Tafi?

Wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, ta sayi data ranar Litinin domin aikin da malami ya ba su. Kafin Laraba datar ta ƙare ƙaf, alhali ba ta fara aikin ba. Me ya cinye ta?

Wayar zamani ba ta barci. Ko tana cikin aljihu, manhajoji suna aiki a ɓoye. Wata tana sabunta kanta, wata tana tura hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, wata kuma tana sauke hotunan da abokai suka turo.

Ba a kama ɓarawo da zato. Da dare, danna *323# ka rubuta yawan datar da ta rage, da safe ka sake dubawa. Idan ta ragu kana barci, lalle akwai mai ci. Sai ka shiga saitin waya, sashen amfani da data. A wayoyin Android za ka ga manhajoji a jere, kowace da abin da ta ci a fili da wanda ta ci a ɓoye. Hana mai yawan ci yin aiki a ɓoye. Amma fa saƙonninta na iya makara har sai ka buɗe ta.

Da ɗalibar ta duba, ashe bidiyon bikin yayarta ne wayar take turawa ma'ajiya.

Tambayoyi
1. Me ya sa ake duba data da dare da kuma safe?
2. Yi jimla da kalmar "ashe".