Amsoshin Tambayoyinku: Ga takarda a hannu, me ya sa aiki ba ya zama?

Wani mai sauraronmu daga Buza ya ce ya koyi walda, yana da takardar shaida, amma duk inda aka ɗauke shi ba ya daɗewa. Yana tambaya ko sammu aka yi masa.

To malam, kafin a je wurin boka, a fara duba hali. Takarda tana shigar da mutum, amma hali ne ke zaunar da shi. Mai gareji ya ce ƙarfe takwas, ka iso rana ta take. Mai ƙofa yana bayanin yadda yake son aikinsa, kai kana latsa waya. An yi maka gyara, ka kumbura fuska har la'asar. Wane maigida zai jure wannan?

Dubi fataken albasa na Madawa. Ana loda buhuna zuwa Abijan ko Akara, sau da yawa kuɗi sai an sayar. Wanda aka san shi da cika alkawari shi ake sake ba kaya, ko bai taɓa shiga lakwal ba. Haka aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya: mata ne suka fi ɗaukar duwatsu, ƙungiya-ƙungiya, kowa na sauraron na gaba.

Ka koma wurin tsohon maigidanka, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi inda ka gaza. In ya faɗa, kada ka yi musu. Allah ya ba da sa'a.