Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Ƙira Ba Tare da Zuga-zugi Ba

Wasiƙar da muka fara buɗewa a daren nan ta fito daga wani ɗalibi a Arlit, wanda, bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ya ji wai a Amurka ana haɗa batir da ƙwayar cuta, yana neman a tabbatar masa ko hakika ne, ko kuwa hirar fada ce kurum.

To, ƙanena, Allah ya ƙara fahimta, zancen yana da asali, kuma mai aikin wata malama ce masaniyar ilmin sinadarai, Angela Belcher, wadda ta sami digirin dakta a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a 1997, bayan ta yi dogon bahasi a kan ƙoƙon wani dodon koɗi na teku da ake kira abalon. Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, ko da yake kashi 98 cikin 100 na ƙoƙon nan sinadarin alli ne, ragowar kuwa furotin, duk da haka ya fi alli juriya kamar sau 3,000, alhali dabbar ba ta hura wuta ba, cikin ruwan teku ta gina abinta sannu a hankali, bisa hikimar da Mahalicci ya kimsa mata.

Daga nan sai ta yi ƙiyasi: in halitta tana iya jera alli haka, me zai hana a sa ta jera ma'adinan lantarki? Ta zaɓi wata ƙwayar bairas mai suna M13, siririya kamar zare, wadda ba ta kama mutum sai bakteriya. Akan zuba iri-irinta kusan biliyan ɗaya a kan ma'adinin da ake so, a wanke waɗanda ba su manne ba, a hayayyafa waɗanda suka manne, a maimaita, tamkar mace mai shiƙar gero, har a tace gwanayen. Bayan ta koma makarantar MIT a 2002, ita da abokan aikinta suka sa bairas ya lulluɓe jikinsa da sinadarin kobal, ya zama ɓangare guda na batirin lityam a 2006, sannan a 2009 suka yi ɗaya ɓangaren da sinadarin ƙarfe.

In kana son misali, je ka zauna wurin maƙeran azurfa na tsohon garin Agadas, ka ga yadda suke siffanta abin adon nan da ake kira kuros ɗin Agadas da kakin zuma, su rufe shi da laka, su narkar da kakin, azurfa ta gaji siffarsa. Bairas shi ne kakin, sai dai nasa aikin cikin ruwa ake yinsa, babu gawayi, babu zuga-zugi.

Amma kada ka zaci batirin wayarka daga nan ya fito; har yanzu na masana'anta ne. Nasihata gare ka ita ce, kada ka fifita darasin sinadarai a kan na halittu, domin malamar nan a mahaɗarsu ta sami sana'arta.