SANƘO DA DASHEN GASHI: ABIN DA YA KAMATA IYALI SU SANI

Darasinmu na wannan fitowa a kan sanƙo ne da aikin dashen gashi. Wataƙila ki ce, ina ruwan mai zuwa awon ciki da sanƙon maigida? Da ruwanki, uwargida. Ɗaya daga cikin magungunan sanƙo yana iya cutar da ɗan da ke cikinki, sannan kuɗin dashe daga aljihun da zai yi hidimar haihuwa da suna zai fito. Saboda haka ki karanta, ki kuma miƙa wa maigida ya karanta.

Me ke kawo sanƙo?

Sanƙon maza gado ne, ana ɗaukarsa ta wajen uba ko ta wajen uwa. Akwai wani sinadari a jikin namiji da likitoci ke kira DHT, wanda ke sa tushen gashin goshi da na tsakar ka ya riƙa ƙanƙancewa, gashin ya yi siriri, har ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa kuwa sinadarin bai cika cin sa ba, shi ya sa ko mai tal-tal ɗin sanƙo za a gan shi da gashi a ƙeya. A 1959 wani likitan fata na Amurka, Norman Orentreich, ya nuna cewa idan aka ɗauki gashin ƙeya aka dasa a goshi, yana riƙe halinsa na asali. A kan wannan aka gina aikin dashe.

Likitoci suna auna sanƙo da ma'aunin Norwood na 1975, mai mataki 7. Daga mataki na 5 zuwa na 7 sanƙo ya yi nisa: ramar goshi da ta tsakar ka sun kusa haɗewa, ko sun haɗe.

Ka riƙe wannan, maigida: dashe ba ya ƙirƙirar sabon gashi. Kamar dashen albasa ne, abin da ke gadon iri shi za a kai gona. Ƙeyarka ita ce gadon irin, kuma duk tushen da aka cire ba ya sake tsirowa a wurin. Mai babban sanƙo gonarsa faɗi gare ta, irinsa kaɗan.

Hanya ta farko: yankan zirin fata

Ana kiranta FUT. Bayan an yi allurar kashe zafi, likita zai yanko siririn zirin fata daga ƙeya, ya ɗinke wurin. Sai a rarraba zirin a ƙarƙashin madubin likita zuwa ƙananan tushe, kowanne ɗauke da gashi 1 zuwa 4, a dasa su ɗaya bayan ɗaya. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.

Amfaninta shi ne ana samun tushe da yawa daga wuri mafi ƙarfi na ƙeya, kuma da yake ana ganin tushen da ido wajen rarrabawa, ba a cika lalata shi ba. Illarta ita ce tabo mai tsawo a ƙeya. In kai mai askin ƙwal-kwabo ne, tabon zai riƙa fitowa fili.

Hanya ta biyu: cirar tushe ɗai-ɗai

Ana kiranta FUE, an kuma bayyana ta a mujallun likitoci a 2002. Ba a yanka ziri. Ana aske ƙeya, a sa wani ɗan ƙarfe mai baki kamar milimita 1 a riƙa zaro tushe ɗaya-ɗaya. Babu ɗinki, wurin yana saurin warkewa, tabon kuma ɗige-ɗige ne ƙanana. Amma kada a ruɗe ka da cewa ba ta da tabo.

Illarta ga mai babban sanƙo ita ce, don a sami adadi mai yawa sai an bi ƙeya ko'ina ana cira. In aka zarce ƙima, ƙeyar za ta koma sharara-sharara, kuma babu gyara. Wani lokaci har a ciro daga wurin da shi ma sanƙo zai ci nan gaba, gashin da aka dasa ya zube daga baya.

Wace za ka zaɓa?

Ga mai mataki na 5 ko na 6, sau da yawa aiki ɗaya ba ya isa. Wasu likitoci kan fara da ziri, daga baya su ƙara da cirar ɗai-ɗai, wani lokaci har da gashin gemu. Akan fara cike gaban kai domin shi ne ke ƙawata fuska, a bar tsakar ka da ɗan abin da ya samu. Mai mataki na 7 kuwa, likitan kirki zai iya ce masa aikin ba zai biya masa buƙata ba.

Akwai abu biyu da suka shafe mu baƙar fata. Na ɗaya, gashinmu murɗaɗɗe ne, tushensa ma a lanƙwashe yake a cikin fata, don haka ƙarfen cira yana saurin yanke shi idan likita bai saba da irin gashinmu ba. Na biyu, fatarmu ta fi yawan yin tabo mai tudu, wanda ke ci gaba da girma bayan rauni ya warke. In kana da irin wannan tabo a ƙirji ko kunne, ko kana fama da ƙurajen ƙeya masu tauri da ke tashi bayan aski, to ka ga likitan fata kafin komai. Haka mai ciwon suga ko hawan jini sai an daidaita masa tukuna.

Ana yawan tallar dashe mai sauƙin kuɗi a ƙasashen waje, musamman Turkiyya. Araha ba ta ado. Ka tambaya: wane ne zai yi aikin da hannunsa, likita ne? Ya taɓa yi wa masu irin gashina? Tushe nawa zai cira, nawa zai rage? Wa zai duba ni idan wurin ya yi ruwa bayan na dawo?

Bayan aiki

Ka tambayi likita ranar da za ka koma sa hula, da yadda za ka yi sujada a kwanakin farko. Gashin da aka dasa zai zube cikin makonnin farko, wannan ba lalacewa ba ce. Sabo yana fara fitowa bayan wata 3 zuwa 4, cikakken sakamako sai kamar shekara guda.

Gargaɗi ga mai juna biyu

Akan ɗora maza a kan wata ƙwaya da aka rubuta finasteride a jikin kwalinta, don tsayar da zubar sauran gashin. Uwargida, kada ki sha ta, kada kuma ki taɓa wadda ta fashe ko aka daka, domin tana iya lahanta halittar al'aurar ɗa namiji a ciki. A ajiye ta nesa da magungunan awonki. Shi ma na shafawa, minoxidil, ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne.

Maigida, in kana shan finasteride ba za a karɓi jininka ba sai ka yi wata 1 da dainawa, in dutasteride ne sai wata 6. Idan kai ne za ka ba matarka jini lokacin haihuwa, ka faɗa wa ma'aikatan awo tun da wuri.

Ke kuma mai jego, zubar gashin da za ki gani wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa ba sanƙo ba ne. Yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Ki guji kitso mai tsauri, ki ci abinci mai gina jiki, ki sha maganin ƙarin jinin da aka ba ki. In ya wuce shekara bai tsaya ba, ki zo asibiti.

Sanƙo ba ya barazana ga rai, dashe kuma yana iya jira. Haihuwa ba ta jira. A fara tanadin kayan haihuwa, da kuɗin mota, da mai ba da jini. Allah ya sauke ku lafiya, ya raya abin da za a samu, amin.