Amsoshin Tambayoyinku: Me zai sa direba ya rage gudu da kansa?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Zaitawa a cikin birnin Kano yana tambaya: ban da tara da kamun 'yan KAROTA, akwai dabarar da za ta sa direba ya sassauta gudu don kansa?

To malam, akwai. Masana halayyar ɗan Adam sun lura direba bai cika duba agogon gudu ba, abin da idonsa ya gani yake bi. Shi ya sa a Chicago ta Amurka, a 2006, aka zana fararen layuka a gicciye kafin wata kwana mai haɗari, tazararsu tana raguwa. Sai direba ya ji kamar gudunsa ƙaruwa yake, ya taka birki.

Amma wadda ta fi dacewa da mu ita ce ta Kenya. Wasu masu bincike biyu, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa takardu cikin motocin haya, masu kiran fasinja ya tsawata wa direba idan ya yi ganganci. Sakamakon da suka wallafa a 2011 ya nuna neman diyyar haɗari a kamfanin inshora ya ragu da rabi ko fiye. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, domin a nan ko da mota ta cika da mutane, direba na sheƙa gudu, kunya kan sa kowa ya yi gum.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta wajabta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu tun Fabrairun 2017, sai dai wannan dokar ba ta shafi mai motar kansa ba. Shi kam, matarsa da 'ya'yansa da limamin unguwa su ne za su yi masa magana.